Sawu a Cikin Siminti

Kafin Baba Mai Sawu ya iso layin, an riga an kashe karen.

Yana kwance a bakin kwata, daidai ƙofar gidan Kafinta, an jefa masa wani tsohon buhu da bai rufe ƙafafunsa ba. Ga sanduna da duwatsu nan warwatse. Mutane sun yi cirko-cirko, kowa na ba da labari da ƙarfi, amma ba wanda ya ce shi ya fara jifa.

Shugaban unguwa ne ya aika a kira Baba. Tsohon magatakardan kotu ne, ba ya son a yanke magana a kan titi. Ya ja Baba gefe ya ba shi labarin a taƙaice. Da safe aka ji ihu. Da aka fito, sai ga Auta mai ɗinki zaune a tsakiyar layi, hannunta na dama jina-jina, yayanta Mai Yadi na tallabe da ita, yana nuna gidan Kafinta yana cewa, "Karensa ne! Na sha faɗa muku!" Aka sa ta a mota zuwa asibiti, sauran jama'a suka yi kan karen.

"Doka a fili take," in ji Shugaba. "Mai dabba shi ke ɗaukar ɓarnar dabbarsa. Kuɗin magani, asarar sana'a, diyyar rauni, duk a wuyansa. Amma kafin in kai sunan mutum gaban hukuma, ina so in tabbata dabbarsa ce."

Baba ya daɗe yana aiki a gandun daji, yana bin sawun namun daji da na masu farautar sata, har gwiwoyinsa suka ce sun gaji. Yanzu in akuya ta ɓata ko an haura katanga, shi ake nema. Ya dubi ƙasar layin da ƙafafun jama'a suka gama tattakewa, ya girgiza kai.

"Sai da kuka share wurin tas sannan kuka kira ni in duba," ya ce.

*

Kafinta na zaune a kan bencin aikinsa, hannuwansa zube a cinya. Tun da matarsa ta rasu su biyu ne a gidan, shi da karen. 'Yan unguwa na tsokanarsu wai gwauraye biyu, har sunan ya bi karen, kowa na ce masa Gwauro.

Baba ya durƙusa da ƙyar ya yaye buhun. Ya juya tafin ƙafafun karen: faratan sun cinye sun dakushe, irin na kare mai yawo a kan titi. Ya ɗaga leɓen. Fiƙa ɗaya ta ƙasa babu ita, sai guntun tushe da ya yi baƙi.

"Yaushe haƙorin nan ya karye?"

"Tun yana ƙarami, ƙarfen ƙofa ya ciza. Baba, wannan ko burodi sai na jiƙa masa."

"Yana ina lokacin da aka yi ihu?"

Kafinta ya dubi ƙarƙashin bencin.

"Da na so, da na rantse maka yana ƙarƙashin bencin nan. Can na bar shi. Amma na zaga baya ina dafa gam, kuma ƙofa a buɗe take. Ba zan rantse a kan abin da ban gani ba." Ya share fuska da tafin hannu. "Da suka zo, fitowa ya yi yana kaɗa musu wutsiya. Ya san su duka. Wasunsu tare suka yi wasa da shi suna yara."

"An ce kai za ka biya."

"Na ji. In nawa ne ya yi, injin yankan katakon nan zan sayar, ba sai an kai ni kotu ba. Yarinyar nan da hannunta take ci. Amma a faɗa mini gaskiya, Baba. Ita kaɗai nake roƙo."

*

A asibiti Baba ya sami wata nas mai saurin magana, tana tafe tana ba shi amsa.

"Ramuka huɗu ne, biyu sama biyu ƙasa, duk masu zurfi. Jijiya ta tsinke. Likita ya ce aikin ba ya son jira, amma yayanta ya kafe wai ba zai sa hannu ba, mai kare ya zo ya sa." Ta tsaya ta harare shi kamar shi ya yi laifin. "Kuma ku mutanen unguwa, wa ya ce ku kashe kare? Da ransa muke sonsa. A ɗaure shi a sa masa ido, a ga ko yana da ciwon hauka. Yanzu kun bar mu cikin duhu."

"Ramuka huɗu kika ce, 'yata?"

"Ni na wanke su."

"Yayan ne ya kawo ta?"

"Ina! Wani direban tasi ne da matar maƙwabta. Shi sai da rana ta ɗaga ya iso, yana haki."

Auta na kwance a gadon ƙarshe kusa da taga, an naɗe hannun har gwiwa. Mace ce mai fara'a, duk wanda ya taɓa kai mata ɗinki ya san sai ta sa shi dariya kafin ta auna shi. Ranar ko kallon Baba ba ta iya yi ba.

"Sannu, Auta. Allah ya ba ki lafiya."

"Amin, Baba."

"Wane irin kare ne?"

"Ban gani sosai ba. Abin ya zo da sauri."

"A ina kike tsaye?"

Ta juya fuska bango. "Abin da Yaya ya faɗa, shi ke nan."

Baba bai matsa mata ba. Ya san ba ta da kowa sai yayan nan. Shi ya riƙe ta bayan rasuwar iyayensu, shi ya saya mata keken ɗinki, kuma duk wanda ya yanki yadi a shagonsa wurinta yake tura shi.

Ya fito yana juya abu ɗaya a ransa. Kare mai fiƙa uku ba ya barin rami huɗu.

*

In ba Gwauro ba ne, to wane kare ne? Hankalin Baba ya tafi kan mahauci da ke bakin layi, domin karnukan da ba su da iyayen gida a bayan rumfarsa suke taruwa. Har wasu sun fara raɗe-raɗin cewa shi ke jawo su unguwa da tarkacen nama, saboda haka shi ya kamata a kama.

Mahauci ya soke wuƙa a kan katako. "Ni kuma? Baba, in ƙuda ya ciji mutum ma sai a ce nawa ne. Zo ka gani."

Ya kai shi bayan rumfa. Wata ramammiyar karya ce kwance a ƙarƙashin tsohuwar taya da 'yan kwikwiyonta. Baba ya bi sawunta a kan laka. Ƙanana ne, tana ɗingishi, kuma daga rumfa zuwa juji suke zuwa su dawo, ba su taɓa hawa layin ba. Bakinta ko rabin raunin da nas ta kwatanta ba zai yi ba.

"Ba ita ba ce," ya ce.

"Ai na faɗa maka. Kuma kwanan nan ko ƙashin da zan jefa musu babu. Rayuwa ta yi tsada, har Mai Yadi da sai tsoka zalla yake saye ya koma ɗibar ƙasusuwa. Na ce masa, ranka ya daɗe, ko haƙora kake gwadawa?"

Baba ya yi dariya ya wuce. Ranar haka ya koma gida hannu wofi, ga gwiwa na zogi.

*

Washegari da safe ya bar gaban layin ya zaga baya. Akwai wani siririn lungu da ba ya ɓullewa, inda jama'a ba su taka ba. Tun daga nesa ya ji wani na ta zage-zage. Birkila ne, tsaye a kan sabon murfin kwata da ya cike faɗin lungun, ya riƙe ƙugu.

"Dubi, Baba! Dubi abin da aka yi mini! Na shafe shi sumul kamar madubi, wani marar mutunci ya bi ta kai da dabbarsa. Yanzu ya bushe, sai dai a fasa."

Baba ya ajiye sandarsa ya durƙusa. Sawun kare ne a cikin simintin, ya fito ɓaro-ɓaro kamar an zana. Babba ne, ya kusa cika tafin hannu. A gaban kowane yatsa akwai rami siriri mai zurfi: dogayen farata masu tsini, na karen da ya rayu a ɗaure, titi bai ci masa su ba. Ba gudu yake yi ba, ƙafafun gaba sun turje, alamar ana jansa. A gefensa kuma ga sawun takalmin namiji, ya nutse sosai.

"Yaushe ka zuba simintin nan?"

"Jiya da safe. Ina gama shafewa kenan na ji ihu, na yar da cokalin gini na ruga kallo. Daga can na wuce wani aikin."

"Ka tabbata ba komai a kai da za ka tafi?"

"Ko sawun tururuwa babu."

Wato lokacin da duk unguwa ke ƙofar Kafinta da sanduna, wani na nan yana jan wani karen daban, yana fita da shi ta baya. Baba ya dubi inda yatsun suka nufa: bakin titi. Ya juya ya dubi inda suka fito. Ƙofa ɗaya ce tak a ƙarshen lungun, ƙaramar ƙofar ƙarfe mai shuɗin fenti.

"Ta wane ne waccan?"

"Ƙofar bayan Mai Yadi ce."

Sai maganar ƙasusuwan mahauci ta faɗo masa. Ya daɗe a durƙushe, ba don gwiwa ba.

"Kada ka fasa shi tukuna," ya ce wa Birkila.

*

Bai wuce wurin Shugaba kai tsaye ba, asibiti ya koma. Har lokacin ba a yi aikin ba. Yatsun Auta sun kumbura, sun fara canza launi.

Ya ja kujera ya zauna. "Ta ƙofar baya kika shiga gidan yayanki, ko?"

Hawaye suka gangaro mata har cikin kunne.

"Yadi na je ɗauka. Kullum ta nan nake shiga. Ban san akwai wani abu a ciki ba." Ta kama hannun rigarsa da hannunta mai lafiya. "Baba, don Allah ka bar maganar nan. Karen Kafinta ya riga ya mutu, tonawa ba za ta dawo da shi ba. Ni zan ce na yafe, kada a karɓi komai a hannunsa. Yaya shi ne uwata, shi ne ubana."

"In kin yafe, Kafinta zai mutu ana nuna shi a matsayin wanda karensa ya nakasa ki. Ki bar wannan ma. Karen da ya cije ki yana can, ba wanda ya san ko lafiyarsa ƙalau. In yana da ciwo, ba hannu kaɗai za ki rasa ba."

"Za ka raba ni da ɗan'uwana."

Baba ya zare hannun rigarsa a hankali ya tashi.

*

Da yamma Shugaba ya tara su a falonsa: Kafinta, mahauci, Birkila, direban tasi, Mai Yadi, da wasu daga cikin waɗanda suka ɗaga sanda. Kowa ya tuɓe takalmi a bakin ƙofa. Baba ne ya shigo a ƙarshe, kuma ya ɗan jima a waje kafin ya shigo.

Mai Yadi ya riga kowa magana. "Ni ban ga amfanin zaman nan ba. Ƙanwata na kwance, mai kare na zaune yana kallonmu. Tun yaushe nake cewa a hana kiwon kare a layin nan?"

"Gaskiya ne, kai ka fi kowa faɗa," in ji Baba. Ya juya wurin direban tasi. "Da ka ɗauki Auta, yayanta ya shiga motar?"

"A'a. Cewa ya yi mu yi gaba, zai kulle gida ya biyo mu."

Baba ya faɗi abin da ya gani, bai ƙara ba bai rage ba: haƙorin Gwauro da ya karye, ramukan da nas ta wanke, sawun da ke cikin simintin Birkila, da ƙofar da ya fito. Sannan ya ciro takalmi ƙafa ɗaya daga bayansa, ya kife shi a tsakiyar falon. Busasshen siminti ya cike tsagin ƙasansa, har ya hau gefe.

"Ban san mai shi ba," ya ce. "In an tashi, kowa zai sa nasa, sai mu gani. Ko kuma mu ɗauka mu je lungu mu gwada yanzu."

Mai Yadi ya zuba wa takalmin ido. Sai kafaɗunsa suka zube.

"An fasa mini shago," ya ce, muryarsa can ƙasa. "An kwashe fiye da rabin kaya, ban faɗa wa kowa ba. Wani ya ba ni kare, ya ce irin wanda ba ya haushi ne, sai dai aiki. Na ce in ajiye shi a bayan gida kafin in gyara masa wuri a shago. Ina zan sa fuskata a ce ni ke da kare? Da na ji ihunta na fito, na ɓamɓare shi daga hannunta, na ɗauko ta na fito da ita ta gaba. Na ga mutane sun taru suna tambaya. Na ɗaga kai, ƙofar Kafinta ce a buɗe." Ya rufe fuska. "Wallahi ban zaci za su kashe shi ba. Daga baya kuma na rasa ta inda zan janye. In na sa hannu a asibiti, gani nake kowa zai gane."

"Karen yana ina?" in ji Baba.

"Yana ɗakin ajiya a bayan shago."

Shugaba ya gyara zama. "To, doka ba ta canza ba don mai dabbar ya canza. Maganin Auta da asarar sana'arta suna wuyanka, kuma yau ɗin nan za ka je ka sa hannu. A kai karen wurin likitan dabbobi. Ku kuma da kuka ɗaga sanda, kun kashe dabbar mutum ba da hakki ba. Kafinta na da ikon ya nemi diyya a wurinku, da wurin wanda ya nuna muku ƙofarsa."

Idanu suka koma kan Kafinta. Ya miƙe a hankali.

"Me zan saya da ita?" ya ce.

Ya fita ya sa takalminsa ya tafi. Ba wanda ya iya ɗaga kai.

*

Karen Mai Yadi lafiyarsa ƙalau, an sa masa ido har aka tabbatar. An yi wa Auta aiki a ranar zaman, amma likita ya ce an makara. Yatsu biyu sun sandare, ba za su ƙara lanƙwasuwa ba. Da an yi tun ranar farko, ya ce, da wataƙila an cece su.

Mai Yadi ya biya komai, ba sai an kai shi kotu ba. Kullum yana aika mata kaya da abinci, tana karɓa tana cewa a gode masa. Amma ba ta ƙara taka gidansa ba, ta gaba ko ta baya. In sun haɗu a layi tana gaishe shi da ladabi, irin gaisuwar da ake yi wa mai gidan haya. Baba ma, in ta hango shi sai ta sauya hanya. Bai ga laifinta ba. Sau da yawa yakan zauna a ƙofar gidansa yana tambayar kansa ko akwai wata hanyar da ya kamata ya bi. Bai samu ba, kuma rashin samun bai sa ya ji sanyi ba.

Wata rana Baba ya kai wa Kafinta kujera gyara, sai ya tarar da Auta tsaye a bakin ƙofa, ta kasa shiga ta kasa komawa. Almakashinta na hannunta na hagu.

"Ba na iya riƙe shi," ta ce wa Kafinta, idonta a ƙasa. "An ce ko za a iya yi masa mariƙi na katako." "Na sani tun a lokacin. Ina ji suna ihu a ƙofarka aka sa ni a mota, ban buɗe baki ba."

Kafinta ya ci gaba da goge katakon da ke gabansa, har Baba ya ɗauka ba zai tanka ba. Can ya ajiye, ya kakkaɓe hannu, ya jawo mata ƙaramin benci da ƙafa.

"Na san kin sani," ya ce. "Zauna. Miƙo hannun in auna."